Corbyn ya karɓi jam'iyyar Labour, bai ko huta ba sai wajen gangamin 'yan gudun hijira

Baban Walid (Landan), Asabar 12 ga Satumba 2015
Salamu alaikum jama'ar zaure. Yanzun nan na shigo gida ƙafata duk ta yi tsami, tun rana muke tafe a ƙasa har dandalin da ke gaban majalisa, gangamin goyon bayan 'yan gudun hijira. To abin da ya sa na ce sai na rubuto tun kafin in ci abinci, dattijon nan Jeremy Corbyn da aka sanar da safe cewa shi ya ci zaɓen shugabancin Labour da kashi 59.5 cikin ɗari, wallahi ko yini bai yi ba sai ga shi a kan dandamali a gabanmu, rigarsa ma ba wata ta a zo a gani ba, yana cewa gwamnati ta sauke nauyin da doka ta ɗora mata, mutane su buɗe zuciyarsu ga wanda ya rasa wurin fakewa, kuma yaƙi da jefa bama-bamai shi ke haifar da gudun nan tun farko. Kusa da ni wata tsohuwa Baturiya ce da sandarta, ta ɗaga kwali da hoton yaron nan ɗan Siriya da teku ta ci, Alan Kurdi, tana kuka a fili ba ta ko share hawayen. Shekarata 14 a ƙasar nan ban taɓa ganin shugaban babbar jam'iyya ya fara aikinsa da maganar baƙi ta wannan fuskar ba, kullum gasar wa ya fi iya rufe ƙofa ake yi. Ni dai yau na ji an ɗauke mu mutane.

Auwalu Ɗalibi (Zariya)
Wa alaikumus salam Yaya. Don Allah a yi mana bayani mu na gida, shi wannan mutumin daga ina ya ɓullo? Ni Miliband na sani, sai kawai yau na ji rediyo na ta Corbyn Corbyn.

Baban Walid (Landan)
Ba ɓullowa ya yi ba ƙanena, tun 1983 yake majalisa yana wakiltar Islington ta Arewa a nan Landan, shekararsa 66. Kujerar baya yake zama kawai, bai taɓa riƙe minista ba. Ed Miliband, shugaban Labour kafin shi, ya sauka ne bayan sun sha kaye a zaɓen watan Mayu, Labour ta tsira da kujeru 232, Firaminista David Cameron na jam'iyyar Conservative ya samu rinjaye shi kaɗai. Da aka zo neman magaji sai da ɗan takara ya samu sa hannun 'yan majalisa 35, shi da ƙyar ya haɗa 36 ana dab da rufewa, wasu ma ara masa suka yi wai don a faɗaɗa muhawara. Sai ga shi ya kayar da Andy Burnham da Yvette Cooper da Liz Kendall tun a zagayen farko, ƙuri'a sama da 250,000. Ni kaina fam 3 na biya na yi rajistar magoyin baya na zaɓe shi.

Injiniya (Manchesta)
Baban Walid ina taya ka murna amma ka bar ni in faɗi abin da ke raina, don ni ma Labour nake zaɓa tun da na samu takarda. Yau Cameron ya fi kowa farin ciki a ƙasar nan. Waɗanda suka cika dandalin majalisa ba su ke yanke hukuncin zaɓe ba, mutanen ƙananan garuruwan arewacin Ingila ne da masana'antunsu suka mutu, kuma ni da su nake aiki kullum ina jin abin da suke faɗa lokacin shan shayi. UKIP, jam'iyyar da ke adawa da Tarayyar Turai da yawan shigowar baƙi, ta samu ƙuri'a kusan miliyan 4 a watan Mayu, da yawansu tsofaffin 'yan Labour ne, kuma maganarsu ɗaya ce, baƙi sun yi yawa. A watan jiya aka fitar da alƙaluma cewa waɗanda suka shigo sun ɗara waɗanda suka fita da mutum 330,000 a shekara guda, bayan Cameron ya yi alƙawarin ba za su kai dubu ɗari ba. A cikin wannan yanayin ne za ka kawo mutumin da ranarsa ta farko ya tafi gangamin a buɗe ƙofa? Ga ƙuri'ar raba gardama kan zama a Tarayyar Turai tana tafe kafin ƙarshen 2017, kuma da wannan maganar za a yi yaƙinta. Jam'iyyar da ba ta kan mulki ba ta iya shigo da ɗan gudun hijira ko ɗaya, sai dai ta yi jawabi.

Malam Na Fagge (Kano)
Injiniya ɗana, wannan maganar taka na ji ta da kunnena shekara da shekaru, da ita aka yi ta yi wa Malam Aminu Kano gori, wai mai gaskiya ne amma ba zai ci ba. E bai zama shugaban ƙasa ba, amma a 1979 PRP ta ci Kano da Kaduna, kuma da Rimi ya hau aka soke haraji da jangali, ni ina raye na ga ranar, na ga dattijon ƙauye yana tambaya ko da gaske ne ba za a sake ɗaure shi a rana ba. Abin da ake cewa ba zai yiwu ba sai wani ya tsaya ya yi ta faɗarsa kafin kunne ya saba da shi. Ban san Baturen nan ba, amma na ji an ce an taɓa kama shi a 1984 a ƙofar ofishin jakadancin Afirka ta Kudu yana zanga-zangar wariyar launin fata, kuma ya ƙi yaƙin Iraƙi a 2003 alhali jam'iyyarsa ce ke mulki. Mutumin da bai canza baki ba shekara 30 ya cancanci a saurare shi.

Injiniya (Manchesta)
Baba Allah ya ƙara girma, ban musa ba. Amma ku tuna Balarabe Musa ma majalisa ta tsige shi a 1981 saboda ba shi da mutane a cikinta. Shi ma wannan haka yake, 'yan majalisar jam'iyyarsa yawancinsu ba sa son sa, tun yau wasu sun fara cewa ba za su yi aiki a ƙarƙashinsa ba. Kuma a 1983 Labour ta gwada irin wannan hanyar da shugabanta na lokacin Michael Foot, ta tashi da kujeru 209, ba ta sake ganin mulki ba sai 1997.

Ummu Sadiƙ (Jamus), Lahadi 13 ga Satumba
Ni maganar wa zai ci zaɓe a 2020 ba ita ta dame ni ba, lissafin da kuke yi a Birtaniya ne yake ba ni haushi. Cameron ya tashi a majalisa ranar Litinin ya ce zai karɓi 'yan Siriya 20,000 a cikin shekara BIYAR. To wannan adadin shi ne kusan abin da ya sauka a Munik a ƙarshen makon jiya kaɗai, Asabar da Lahadi. Na je tashar jirgin ƙasan da kaina da 'yata, mun kai kayan yara da pampas. Na ga wata mata da ɗanta a kafaɗa, takalminta ya rabu biyu ta ɗaure shi da leda, da aka miƙa mata ruwa ba ta sha ba sai da ta fara wanke wa yaron fuska. Ba wanda ya ce abin yana da sauƙi, garin ya cika maƙil, ana kwantar da mutane a zauren baje koli, kuma yau ɗin nan gwamnati ta maido da bincike a kan iyakar Ostiriya don abin ya fi ƙarfin jihar da Munik take ciki. Amma ƙasar da ke sa ran mutum 800,000 bana daban, ƙasar da ke ta hayaniya a kan 4,000 a shekara daban. Ku raba 4,000 ɗin a mazaɓu 650 da kuke da su, mutum shida ne kowace mazaɓa.

Baban Walid (Landan)
Allah ya saka da alheri Hajiya. Kuma ko 20,000 ɗin ai ba don hoton yaron nan ba da ba a samu ba. Ranar 2 ga wata ruwa ya turo gawarsa bakin teku a Bodrum ta Turkiyya, ɗan shekara 3, yayansa da mahaifiyarsu su ma suka tafi, uban kaɗai ya tsira ya koma Kobani ya binne su. Kafin wannan ranar jaridun da suka buga hoton a shafin farko suna jimami su ne suka yi wata da watanni suna zagin baƙin da suka taru a garin Kale na Faransa suna neman tsallakowa Ingila, shi kansa Cameron a watan Yuli ya kira su da kalmar da ake kiran tarin fara da ita. Yau kuma ya rubuta a Twitter wai Labour ta zama barazana ga tsaron ƙasa da tattalin arziki da tsaron iyalinka. Kwana ɗaya da zaɓen mutum fa.

Injiniya (Manchesta)
A yi wa Cameron adalci a abu ɗaya ko da ba ma son sa. Hujjarsa ita ce a ɗauko mutane kai tsaye daga sansanonin Labanon da Jodan da Turkiyya, don in ka ce sai wanda ya iso Turai za ka karɓa to ka gaya wa kowa ya hau kwalekwalen roba kenan, kuma mai ƙarfi da mai kuɗin biyan dillali shi zai iso, gurgu da marainiya suna can. Birtaniya ta kashe kusan fam biliyan 1 a kan agajin Siriya, ba wata ƙasar Turai da ta kai ta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Inda na yarda da ku shi ne adadin ya yi kaɗan ƙwarai.

Abu Hafsa
Ni tambayata ɗaya ce, me ya sa kowa yake kallon Turai? Ina ƙasashen Larabawa masu man fetur? Yarensu ɗaya addininsu ɗaya, ga kuɗi kamar ƙasa, amma Musulmi yana ratsa teku yana mutuwa don ya je wurin Merkel ta Jamus. Wannan abin kunya ne a kanmu gaba ɗaya, mu daina ɗora wa Bature komai.

Ummu Sadiƙ (Jamus)
Malam ka raba su, kar ka yi musu kuɗin goro. Cikin 'yan Siriya sama da miliyan 4 da suka fita, kusan miliyan 2 suna Turkiyya, sama da miliyan 1 suna Labanon wadda ita kanta ƙaramar ƙasa ce, a can kusan duk mutum huɗu ko biyar ɗaya ɗan gudun hijira ne, Jodan tana da sama da 600,000. Maƙwabta sun ɗauki kaya har wuya. Na yankin Gulf ne maganarka ta hau kansu, ba su sa hannu a yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ba, don haka wanda ya shiga can da bizar aiki yake zaune ba da haƙƙin mafaka ba, ranar da aikin ya ƙare zamansa ya shiga rawa.

Malam Na Fagge (Kano)
Abu Hafsa kar ka manta hijirar farko a Musulunci wurin sarki Kirista aka yi ta, Najjashi na Habasha, kuma da Ƙuraishawa suka aiko da kyaututtuka a maido musu da mutanen ya ƙi. Ba sabon abu ba ne wanda aka zalunta ya samu inuwa a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. Mu ma nan ba mu da bakin yi wa kowa gori, a 1983 mun kori baƙi sama da miliyan ɗaya, yawanci 'yan Gana, har yau jakar da suka zuba kayansu da sunan korar ake kiranta a kasuwa. Akwai wani tela a layinmu da ya yi shekaru yana mana ɗinki, da asuba ya tafi ya bar kekensa, har yau in na tuna raina ba ya min daɗi don ban ce komai ba a lokacin.

Maman Ilham (Maiduguri), Litinin 14 ga Satumba
Tun shekaranjiya nake karanta ku ban ce komai ba saboda wuta da netwok. Ni ba siyasar Ingila na sani ba amma gudun hijira kam a tsakar gidana yake kwana. Tun da Bama ta faɗi bara, mutum 17 ne suka ƙaru a gidanmu mai ɗaki huɗu, dangin maigidana da maƙwabtansu da ma wata tsohuwa da ba mu san ta ba, a hanya suka tsinto ta. Falo ya zama ɗakin mata, maza suna kwana a zaure da baranda, tukunyar da muke ɗorawa da salla ita muke ɗorawa kullum yanzu. Ba wanda ya kira taro ya tambaye mu nawa za mu iya ɗauka, an ƙwanƙwasa ƙofa da dare ne muka buɗe. Kuma haka yawancin garin nan yake, waɗanda ke cikin gidajen mutane sun fi na sansani yawa nesa ba kusa ba, ana maganar sama da mutum miliyan 2 da suka bar gidajensu a ƙasar nan. Ran Juma'ar nan bam ya tashi a sansanin Malkohi a Yola, wurin da mutane suka gudo don su tsira. Ba zan ce muku ba wahala, akwai ranar da nake shiga banɗaki in yi kukana in fito, yarana sun koma kwana a ƙasa, an yi faɗa a kan sabulu an yi a kan cajar waya. To amma da na ji ƙasa mai arzikin Ingila tana ta ja-in-ja a kan mutum shida a mazaɓa sai na rasa abin cewa. In dai wannan dattijon ya ce a buɗe ƙofa, ni ina bayansa ko zai faɗi zaɓe sau goma.

Injiniya (Manchesta)
Hajiya wallahi kin sa jikina ya yi sanyi, Allah ya biya ku. Ban da amsar da zan ba ki. Abin da nake tsoro kawai shi ne in aka yi gaba da mutane ba a tafi da su ba, fushin a kanmu yake sauka, mu masu baƙar fata da matanmu masu hijabi a tashar bas, ba a kan ɗan majalisa ba.

Baban Walid (Landan)
Injiniya fushin nan ai an riga an hura shi, kuma Labour ta taya hurawa. Ka manta kofin shayin da suka buga lokacin kamfe da rubutun taƙaita shigowar baƙi a jikinsa? Sun bi bayan UKIP ɗin kuma suka faɗi. A watan Yuli da aka kawo dokar rage tallafin talakawa shugabannin jam'iyyar cewa suka yi a ƙaurace wa ƙuri'a, mutum 48 suka bijire, Corbyn na ciki, shi kaɗai a cikin 'yan takaran huɗu. Abin da yake gaya wa abokan aikinka shi ne ba ɗan Siriya ne ya hana gina gidajen gwamnati ba, ba shi ya rufe masana'anta ba. Kuma mutane su san mai neman mafaka a nan ba a yarda ya yi aiki ba, fam 36.95 ake ba shi a sati, ko kuɗin bas na sati biyu a Landan bai kai ba. Wanda yake cewa sun zo cin banza bai taɓa zama da ɗayansu ba.

Auwalu Ɗalibi (Zariya), Laraba 16 ga Satumba
Yaya na ga ana ta zaginsa wai ya ƙi rera taken ƙasa, gaskiya ne?

Baban Walid (Landan)
Gaskiya ne, jiya a cocin St Paul wajen tunawa da yaƙin sama na 1940, ya tsaya tsit bai rera ba, shi dama ba mai goyon bayan sarauta ba ne. A nan kam na ce ya yi kuskure, ya ba su sanda da hannunsa, yau duk shafukan farko shi ne, ba wanda ke maganar Hangari da ta rufe shingen waya mai tsawon kilomita 175 a iyakarta da Sabiya jiyan nan. Amma yau a majalisa ya yi abin da ya burge ni, tambayoyin da ya yi wa firaminista daga wurin jama'a ya tattaro su, kusan 40,000 aka aiko masa, ya fara da ta wata mata a kan tsadar gidan haya.

Ɗan Agadas (Nijar)
Salamu alaikum, ina gaida manya. Ku duka kuna magana a kan ƙarshen hanya, mu a nan farkonta muke gani. Duk ran Litinin da marece motocin Hilux suke tashi daga garin nan zuwa Dirku har Libiya, mutum ashirin da wani abu a bayan kowace, ƙafafu a waje, kowa ya riƙe sanda tsakanin cinyoyinsa don kar ya faɗo, da jarka a naɗe cikin buhu. 'Yan Gambiya, 'yan Senegal, 'yan Najeriya, da namu. Waɗanda teku ta ci ana ƙirga su, kamar mutum wajen 800 na watan Afrilu, amma na hamadar Tenere ba mai ƙirgawa sai in an yi tuntuɓe da su, kamar gawa 92 da aka samu a 2013 a arewacin Arlit, yawancinsu mata da yara. Kuma a tuna wa ya fasa Libiya. A da mutanenmu can suke zuwa su yi aikin gini shekara biyu su komo da kuɗin aure, ba mai tunanin teku. A 2011 Cameron da Sarkozy na Faransa suka ja gaba aka yi ruwan bama-bamai, aka kashe Gaddafi aka watse aka bar ƙasar ba gwamnati. A majalisar Ingila mutum 13 kacal suka ƙi amincewa da wannan yaƙin, kuma Corbyn na cikinsu, wannan kaɗai ya isa in girmama shi. Abin da ke damuna shi ne ko shi da masu gangamin, ɗan Siriya suke gani. Namu sunansu 'yan ci-rani, su ba su da hoto ba su da kaso a cikin 20,000. Yanzu an yi doka a nan watan Mayu ta hana safarar mutane, in aka fara aiki da ita direbobi za su bar hanyar rijiyoyi su shiga inda ba ruwa.

Injiniya (Manchesta)
Bambancin yana cikin doka ne ɗan'uwa, wanda yaƙi ko zalunci ya koro yana da haƙƙin mafaka, wanda talauci ya koro ba shi da shi, kuma in aka haɗe su wuri ɗaya na farkon ne zai yi asara. Ba daɗi amma haka take. Na san yara a garin nan da aka ƙi takardunsu, shekara bakwai takwas suna ɓuya suna wanke-wanke a bayan gidan abinci, ba sa iya zuwa jana'izar iyayensu.

Ɗan Agadas (Nijar)
Na sani Injiniya. Ƙanen matata ya sayar da babur ɗinsa makon jiya, shekararsa 22, ya ce Litinin mai zuwa zai bi ayari. Na yi magana uwarsa ta yi kuka, ya ce mu da ba mu taɓa fita ba me muka sani. Ku sa shi a addu'a.

Injiniya (Manchesta)
Turo min lambarsa ta akwatin sirri yanzu. Ina tashi aiki ƙarfe shida, zan kira shi da kaina, kuma zan haɗa shi da ɗaya daga cikin yaran nan da na ce maka, wanda ya bi ta Sabha a Libiya ya hau jirgin ruwan, ya ji daga bakinsa kafin Litinin ɗin.